Shin Ko Kun San? Keffi Ta Hanyar Gitata

Shin ko kun san cewa sunan Keffi kalmar Hausa ce tsantsa? Kafi ke nan, wato shingen itatuwan da ake kakkafawa a ƙasa, a jere, ƙugu da ƙugu, a kewaye gari ko sansani don kada mahara su afka wa mutane cikin dare. Alƙalamin Turawa ne ya mayar da Kafi ya koma Keffi a takarda, muka bi su a haka. Garin yana da takwarori da yawa a Arewa: Kafin Hausa a Jigawa, Kafin Madaki a Bauchi, Kafin Maiyaƙi a Kano, Kafin Soli a Katsina, Kafin Koro a Neja. Duk inda kuka ji wannan suna, to an taɓa kwana da ido ɗaya a wurin.

Kafi daban, ganuwa daban. Ganuwa ginin ƙasa ce, aikin gayya na shekaru, sai garin da ya zauna da gindinsa. Kafi kuwa aikin gaggawa ne, na mutumin da ya sauka a baƙon wuri da dukiyarsa yana tsoron wayewar gari. Itace ne, gara tana ci, damina tana ruɓar da shi. Saboda haka wanda ya zo Keffi yana neman abin da zai jingina da shi ya ɗauki hoto kamar badalar Kano, zai koma da ƙorafi. Daga baya garin ya samu ganuwar ƙasa da ƙofofi, amma gine-gine sun cinye ta. Abin da ya rage sunaye ne a bakin mutane: Ƙofar Hausa, Ƙofar Goriya, Ƙofar Kokona, Tudun Ƙofa. Ku ce wa ɗan acaɓa ya kai ku ɗaya daga cikinsu, ba zai tambaye ku kwatance ba. Ni a wurina wannan ma kayan tarihi ne, kuma ya fi wanda ke cikin gilashi rai.

Shin ko kun san cewa yawancin masu zuwa Keffi a yau ta bayan gida suke shigowa? Daga Abuja tafiyar kilomita hamsin ce ko kusa da haka, ta Nyanya da Mararaba da Masaka da Uke, cikin cunkoson da kowa ya sani. Amma fuskar tarihin garin arewa take kallo. Sarauta daga can ta zo, umarni daga can yake zuwa, fatake daga can suke gangarowa. Hanyar arewa kuwa ta Gitata ta bi.

Gitata gari ne a kan titin da ya tashi daga Keffi ya nufi Panda da kudancin Kaduna. A tsarin mulki na yanzu mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Karu, amma hulɗarta ta yau da kullum da Keffi take. Matafiyi zai iya wuce ta bai ko rage gudu ba. Ga wanda ya san abin da yake kallo kuwa, wannan titi mai kwalta ya kwanta ne a kan sawun jakai. Tsohuwar hanyar fatake ta taso daga Kano ta ratsa Zariya, ta biyo Kachia, ta sauko Panda da Gitata, ta shiga Keffi, ta wuce Nasarawa, ta dire a Loko, bakin kogin Binuwai. Gitata zango ce a kan wannan hanya: inda madugu yake sauke ayari, a kwance wa dabbobi kaya, a hura wuta, a yi ciniki kaɗan, da asuba a ɗaura. Kanwa da tufafin rini da fatu da dawaki suna yin kudu, hauren giwa da kayan Turawa da suka hauro ta kogi suna neman hanyarsu. Bayi ma sun bi ta nan, a ɗaure. Za mu dawo kan wannan.

Har yau dabba ba ta bar Gitata ba. Akwai makiyaya da gwamnati ta keɓe a yankin, tana cikin sanannun wuraren kiwo na jihar Nasarawa.

Shin ko kun san cewa harshen da ya fi kowane harshe a duniya kusanci da Hausa ana jin sa a Gitata? Gwandara ke nan. Masana harsuna sun ajiye Hausa da Gwandara a reshe guda, su biyu rak, kuma cikin kare-karen Gwandara da suka lissafa akwai wanda suka sa wa sunan Gitata, akwai na Karshi, akwai na Toni, akwai na Nimbiya. Bahaushe in ya kasa kunne zai riƙa tsintar kalmomi kamar mai tsintar gyaɗa a gonar da aka riga aka cire: ga wannan tawa ce, ga waccan na san ta, amma zancen gaba ɗaya ya kuɓuce masa.

Labarin da Gwandara suke bayarwa na asalinsu shi ne daga Kano suka fito, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, lokacin da Musulunci ya kankama a fada. Wani ɓangare na gidan sarauta ya ƙi barin al'adun kakanni, ya yi kudu, ana cewa sun ce gwanda rawa da salla, sunan ya bi su. Labarin baka ne, a haka ya kamata a riƙe shi, kuma jikokinsu a yau Musulmi ne da Kirista masu riƙo da addininsu. Abin da labarin yake nunawa shi ne ƙafar mutanen Kano ta san wannan hanya ɗaruruwan shekaru kafin a kafa itacen farko na kafin Keffi. Ina ganin sakaci ne babba a ce ɗalibin Hausa ya gama jami'a bai taɓa zama ya saurari tsohuwar Bagwandariya tana magana ba, alhali mota ɗaya ce tsakani.

Shin ko kun san cewa makiyayi ne ya kafa Keffi? Abdu Zanga, Bafulatani daga ƙasar Katsina, wanda ya saba gangarowa da shanu kudu neman ciyawa. Wajen shekarar 1800 ya yanke shawarar zama, ya kewaye mazauninsa da kafi. Zamanin ya zo daidai da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ya fara a 1804. Abdu Zanga ya nemi tuta, amma yankin yana cikin rabon Zazzau, don haka ta hannun Malam Musa, Sarkin Zazzau na farko a Fulani, al'amarin ya bi. Tun daga nan Keffi ta zama ɗaya daga cikin garuruwan kudu masu kai gaisuwa Zariya, tare da Jama'a da Doma, daga baya kuma Nasarawa. Lafiya, wadda take babban birnin jiha a yau, ita Bauchi take bi. Abdu Zanga ya rasu a 1820, ɗan'uwansa Maizabo ya gaje shi.

Sunansa ya yi tafiya fiye da shi. Bajamushen nan Gerhard Rohlfs, wanda ya taso daga Tarabulus ya keta Sahara ya biyo Kukawa da Bauchi, ya sauka Keffi a 1867 kafin ya wuce Binuwai ya ɓulla Legas, kuma da Kafin Abdu Zanga ya rubuta garin, da irin nasa rubutun. A 1885 wasu Jamusawan, Paul Staudinger da Ernst Hartert masanin tsuntsaye, suka hauro daga Loko suka bi ta Keffi da wannan hanya ta arewa zuwa Zariya da Kano da Sakkwato. Ba su buɗe wata hanya ba. Turbar fatake suka bi, masu dako na ɗauke da kayansu.

Shin ko kun san cewa sunan jihar kacokan daga wani bafaden Keffi ya samo asali? Umaru Makama Dogo jarumi ne da ya yi wa Abdu Zanga hidima. Bayan rasuwar maigidansa zama ya ƙi daɗi tsakaninsa da magada, ya yi kudu maso yamma, a shekarun 1830 ya kafa garinsa ya kira shi Nasarawa. Da Janar Sani Abacha ya yanke sabuwar jiha daga Filato ran 1 ga Oktoba, 1996, wannan suna aka ɗauka. Garin yana nan a kan hanyar Loko, da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da aka buɗe a 1983, ga Dutsen Ara a tsaye kusa da shi. A Loko kuma, inda fatake suke jiran kwalekwale, yanzu gada ce ta haɗa ta da Oweto a jihar Binuwai.

To, mu koma kan bayi, domin ba a ba da tarihin kafi rabi. Mai kafi yana tsoron a kawo masa hari, amma shi ma yana kai wa. A ƙarni na 19 Keffi da Nasarawa sansanonin yaƙi ne na bakin iyaka, kuma bayi suna cikin gaisuwar da ake aikawa Zariya. Daga ina ake samo su? Daga maƙwabta: Mada, Eggon, Afo, Yeskwa, Gbagyi, Gade, Koro, har da Gwandara. Su ma sai suka nemi nasu kafin, wanda Allah ya riga ya kafa musu. Suka hau duwatsu, inda doki ba ya hawa. In kuna tafiya tsakanin Akwanga da Lafiya kuka ɗaga kai kuka ga duwatsun Eggon sun tokare sama, ku sani mutane sun rayu a can ƙwanƙoli, sun yi noma a kan matakalar duwatsu da suka jera da hannu, ba su sauko da yawa ba sai zamanin Turawa. Baƙon da ya ziyarci fadar Keffi bai je ya ga waɗannan duwatsu ba, shafi ɗaya ya karanta. Jikokin masu hari da jikokin waɗanda aka kai wa hari yau aji ɗaya suke zama a jami'ar jiha, kasuwa ɗaya suke ci, da Hausa suke ciniki. Faɗin gaskiyar abin da ya wuce ba zai rage wa wannan zama komai ba.

Shin ko kun san cewa harbi ɗaya da aka yi a Keffi shi Turawa suka riƙe hujjar cin Kano? Wannan ne labarin da ya fi kowane fice, kuma ya cancanci a tsaya a kansa.

Ran 1 ga Janairu, 1900, Lugga, jagoran Turawa, ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja ya ce Arewa ta shiga hannunsu. Faɗa ce kawai, domin Kano da Sakkwato ba su san da zancen ba. Sannu a hankali aka riƙa tura razdan-razdan garuruwan kudu. Wanda aka turo Keffi shi ne Kyaftin Maloni, soja ne da ya samu rauni a ƙafa tun a wani yaƙi can bakin teku, ba ya iya tafiya sosai sai an ɗauke shi. A Keffi kuwa akwai sarki, amma ƙarfin gari yana hannun Magaji Ɗan Yamusa, wakilin Sarkin Zazzau, mayaƙi mai dawaki da mutane. Maloni yana so Magaji ya miƙa wuya ya daina kai hari. Magaji yana ganin ubangidansa yana Zariya, na Zariya kuma nasa yana Sakkwato, ina wannan baƙo ya shigo cikin lissafi?

Ran 3 ga Oktoba, 1902, Maloni ya zo dandalin ƙofar fada ya aika a kira Magaji. Magaji ya ƙi fitowa. Maloni ya tura mataimakinsa Webster ciki, mutanen Magaji suka yi masa ca, da ƙyar ya tsira. Maloni ya aika a kira sojoji. Kafin su iso Magaji ya fito a kan doki, ya harbe Maloni, aka kashe tafintansa Audu Timtim, wanda mutanen gari suka daɗe suna zargi da juya magana tsakanin ɓangarorin biyu. Ku dubi wannan da kyau: mutum biyu masu iko, ba mai jin harshen wani, duk abin da zai shiga kunnen ɗaya sai ya bi ta bakin mutum na uku. Daga nan Magaji ya yi arewa da mutanensa.

Kano ya nufa. Sarki Alu Babba ya karɓe shi da girmamawa, har ana cewa ya sa shi a damansa wajen hawa. Lugga ya samu abin da yake nema. Rundunar Kanar Morland ta taso daga Zariya, ran 3 ga Fabrairu, 1903, ta fasa Kano, lokacin Sarki Alu yana hanyar Sakkwato. Ran 15 ga Maris Sakkwato ta faɗi. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira gabas, jama'a suka bi shi, Magajin Keffi yana cikinsu. A Burmi, cikin ƙasar Gombe ta yau, aka yi karon ƙarshe ran 27 ga Yuli, 1903, Sarkin Musulmi ya yi shahada, Magaji ma a can ya kwanta. Wata goma ke nan bai cika ba tsakanin dandalin Keffi da Burmi. Sarkin Zazzau Kwasau shi ma sarautarsa ba ta tsallake wannan rikici ba.

Da Maloni ya mutu ko bai mutu ba, Turawa za su je Kano, wannan ra'ayina ne, domin sun riga sun ƙulla. Kuma Ɗan Yamusa mutum ne mai fuska biyu a tarihi: wanda ya ƙi sunkuyar wa ɗan mulkin mallaka, kuma wanda ƙauyukan kewaye suke jin ƙarar kofaton dawakinsa su watse. Duka biyun gaskiya ne, kuma Keffi ta isa ta riƙe su tare.

Kabarin Maloni yana kan dutsen da ke cikin gari, wanda ake kira da sunansa har yau, Dutsen Maloni. Hawansa ba wuya. Ku je da sassafe ko da la'asar sakaliya, ku tsaya a sama, gari zai shimfiɗu a gabanku: rufin kwano, hasumiyoyin masallatai, rafin Antau yana ratsawa. A nan ne mutum yake gane dalilin da ya sa makiyayi ya zaɓi wurin, ga ruwa, ga tudun hangen nesa. Abin da yake damuna shi ne wuri irin wannan, wanda ya shafi tarihin Kano da Sakkwato da Gombe baki ɗaya, ya kamata a ce ɗan makaranta yana isa ya tarar da cikakken bayani a rubuce da Hausa, da wanda zai zagaya da shi. Yanzu dai dattawan unguwa ne makarantar, sai ku yi sallama ku tambaya.

Sunan Yamusa kuwa bai bar fada ba. Alhaji Muhammadu Chindo Yamusa na Biyu ya yi sarauta daga 1978 har rasuwarsa a 2015, ɗansa Dakta Shehu Chindo Yamusa na Uku, masanin shari'a, ya gaje shi. Mai son ganin dawakin Keffi ya daidaita zuwansa da hawan salla.

Shin ko kun san cewa Keffi ta zauna a ƙarƙashin sunaye huɗu ba ta motsa daga inda take ba? Turawa sun sa ta a Lardin Nasarawa, har ta riƙe hedikwatarsa. A 1926 aka rushe lardin aka haɗa ta da Lardin Binuwai. A 1967 ta shiga jihar Binuwai da Filato, a 1976 ta koma Filato, a 1996 ta dawo sunan farko. Ita ce mafi ƙanƙantar ƙasa cikin ƙananan hukumomi goma sha uku na jihar, amma gwamnan farar hula na farko, Abdullahi Adamu, wanda ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, ɗanta ne, kuma a zamaninsa aka kafa jami'ar jiha a garin.

Shin ko kun san cewa shugaban ƙasa ya yi zaman ɗakin kwana a Keffi? Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi karatu a Kwalejin Gwamnati ta Keffi daga 1965 zuwa 1969. Makarantar ta samo asali tun 1949. Ga wani Bakatsinen ke nan da ya sake gangarowa Kafin Abdu Zanga, shi kuma da akwatin littattafai.

Shin ko kun san cewa a jihar nan akwai ruwan da ya fi na Biktoriya tsawon faɗowa? Farin Ruwa, a ƙaramar hukumar Wamba, yana zubowa daga tsaunukan Filato, tsayin kusan mita 150, shi kuwa na Biktoriya da ke tsakanin Zambiya da Zimbabuwe mita 108 ne, ko da yake ya fi faɗi nesa ba kusa ba. Daga Keffi sai ku bi Akwanga, ku karkata Wamba, sauran kuma hanyar ƙauye ce da tafiyar ƙafa. Da damina ruwan yake cika ya yi fari fat kamar hayaƙi, ana jin rugugin tun daga nesa, amma a lokacin ne hanya take wahala. Da rani hanya ta yi sauƙi, ruwa ya ragu. Ku zaɓa. Ku ɗauki ɗan gari, ku tafi da guzuri, ku tambayi lafiyar hanya kafin ku tashi, ku dawo da rana tsaka-tsaki. Masu sauran ƙarfi su zarce Keana da Awe, inda mata suke dafa gishiri daga ƙasa tun kaka da kakanni. Can kwana ne, ba a yi masa zuwa da dawowa.

Shin ko kun san cewa in kuka juya ta Gitata kuka ci gaba da yin arewa, za ku isa wurin da ya girmi duk abin da muka ambata da shekaru dubbai? Bayan Panda sai ƙasar Jaba a jihar Kaduna, ƙasar citta, kuma kusa da Kwoi akwai ƙauyen Nok. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan mutum-mutumin yumɓu a wurin. Sunan ƙauyen ya zama sunan wata al'umma da ta rayu a wannan yanki gaba ɗaya, wadda masu bincike daga jami'ar Frankfurt ta Jamus, da suka fara aiki a 2005, suka kai farkonta wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa. Suna noman gero, daga baya suka narka ƙarfe, suka gasa kawunan yumɓu masu idanu kamar kusurwa uku da kitso iri-iri. Masu haƙar sata sun yi wa wuraren mummunar ɓarna, da yawan kayan suna ƙasashen waje. Wanda ya fi shahara a cikinsu, kan da aka samo a Jama'a, wani ma'aikacin kuza ne ya kai shi gonarsa ta doya ya kafa a kan sanda yana korar dabbobi da shi, har shekara guda, kafin ya isa hannun Bernard Fagg a Jos wajen 1943, mutumin da ya buɗe gidan tarihin Jos a 1952.